Taku Shida Daga Bakin Rijiya

Watan da ya wuce sokawen gidana na unguwar Badariya, wato ramin ruwan datti, ya cika, na aika aka kira mai aikin famfo. Ya zo a kan babur da bututan roba farare ɗaure a baya, da zarto, da ɗan gwangwanin gam a aljihu. Ya yanka, ya shafa, ya soka, kafin shayina ya huce ya haɗa abin da a zamaninmu sai an yi wuni biyu ana gumi a kansa. Da aka zo maganar inda za a haƙa sabon rami, sai ya nuna mini wani lungu kusa da rijiyar burtsatsen gidan, ya ce nan ya fi sauƙi. Na jawo sandata na miƙe, na fara ƙirga taku daga bakin burtsatsen, ina tafe ina ƙirgawa har na dangana da katangar baya, na ce masa a nan. Ya yi mini irin kallon da ake yi wa tsohon da ya fara rikicewa, ya ce ai burtsatse tana da zurfi, Alhaji. Na ce na sani, a dai haƙa a nan ɗin. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban ba shi ba, don mai babur ba shi da lokacin labarin da ya fi aikinsa tsawo.

Gidan da na tashi a cikinsa yana tsohon gari, can gefen da in ka fita bayan gida kana hango fadama shimfiɗe har inda ido ya ƙare. Lokacin Birnin Kabi ba ta zama komai ba, duk abin da ya shafi hukuma sai an nufi Sakkwato, ko da takarda ce guda za a sa wa hannu. Baba manomi ne, shinkafa da damina a wajen Zauro, albasa da rani, in ya dawo kuma ya zauna zaure da littattafansa. Ba mu da wani abin da za a nuna mu da shi a unguwa sai rijiya. Kakanmu ne ya haƙa ta a tsakar gida, ƙarƙashin wata darbejiya, Allah kuma ya sa ya dace da ruwa mai daɗi, alhali rijiyoyin da ke kewaye da mu duk zartsi ne, ko sabulu ba ya kumfa a cikinsu. A bakinta akwai wani gungumen icce da aka gitta, igiya ta ci shi ta yi masa zane-zane masu zurfi har yatsa na shiga. Da ƙarar guga nake tashi kowace safiya. Ya faɗa tinjim, a yi shiru kaɗan, sannan ka ji igiya na gurzar iccen nan, ruwa na tsiyaya yana komawa ciki. Yau shekara da shekaru ban ji wannan ƙara ba, abin da ke tashina yanzu kukan injin da ke tura ruwa tanki ne.

Inna, wato mahaifiyata, ba ta fita. Tun da aka kawo ta daga Gulma ba ta taka kasuwa ba, in ba biki ko rasuwa ba ba a ganinta a hanya. Amma ban taɓa jin ta ce gida ya ishe ta ba, don gari ne ke zuwa ya same ta. 'Yan mata da tsofaffi suna shigowa ta zaure da tulunansu, matan aure kuma ta wata 'yar ƙofa da aka huda a katangar da ke tsakaninmu da gidan Gwaggo Tumba, maƙwabciyarmu. Daga gidan Tumba akwai wata ƙofar zuwa gida na gaba, haka har ƙarshen layi, sai mace ta zo ɗiban ruwa ba tare da ta taka titi ba. Babu mijin da ke tambayar matarsa ina za ta in ya ga tulu a kanta. Inna tana zaune kan tabarma a gindin darbejiya da faifai tana tsince shinkafa, kowa ya shigo ya yi mata sallama, ta amsa ba tare da ta ɗaga kai ba, don da jan igiya take gane su. Wadda ta kwana da fushin miji fizgar igiya take yi. Wadda ta sami ciki tana tsayawa a rabi ta huta, Inna kuwa takan sani kafin uwar mijin ta sani. In guga ya tsinke, ita ke da ƙugiya, rataye a bayan ƙofar ɗakinta, kuma ba ta ba da ita sai an zauna an ba ta labari.

Ruwa a lokacin da ƙarfin hannu ake samunsa, saboda haka babu mai wasa da shi. Ruwan wankin shinkafa na awaki ne. Ruwan alwala a gindin lalle ake yi. Na wanki a yayyafa a tsakar gida kafin shara. Abin da ke fita ta rariya zuwa lungu bai fi ya jiƙa ƙasa ba, kafin azahar ya bushe. Yaran yanzu da ke buɗe famfo suna goge haƙori ruwa na zuba ba za su gane wannan ba, ni ma ban cika gaya musu ba, don ni ne mutum na farko da ya koya wa gidanmu ɓarnar ruwa.

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Da na gama makarantar horon malamai aka tura ni koyarwa Argungu, sai ta samu sauƙi, ta koma ce mini Malam. A gidan malamai na Argungu na fara zama da famfo a ƙofar ɗaki. Ka murɗa, ruwa ya zo, ka murɗa, ya tsaya. Wata shida da na yi a haka, na dawo hutu na ga Inna na jan guga, sai abin ya tsaya mini a rai. Tafin hannunta duk kanta, kafaɗarta ta dama kuma kullum sai an shafa mata man zafi. Ba zan ce tausayi kaɗai ne ya motsa ni ba. Akwai kuma son a ce ɗan gidan wane ya fara albashi, ga abin da ya yi. Da aka ja babban bututu ta layinmu, na je na cika takarda, sannan na sami Baba a zaure na gaya masa.

Ya rufe littafinsa ya ce, "Rijiyag ga mi tay yi ma?"

Na ce, "Ba ta yi komi ba, Baba. Inna ta nika tausai, hannuwanta sun gaji."

Ya ce, "In don Innakku na, yi."

Daga Argungu na zo da mai aikin, wani dattijo ana ce masa Sanda. Ɗan gidan masunta ne, ya bar taru da gora ya koyi aikin bututu a ma'aikatar ayyuka, amma har lokacin in yana maganar ruwa sai ka ce maganar wani maƙwabcinsa yake yi da ya san halinsa. Bututun lokacin na ƙarfe ne. Sai an ɗaure shi a maƙala, wato ƙarfen da ke danne shi, a zuba mai, a yi ta juya wani ƙarfe mai hannu biyu har a yanka masa haƙora, a naɗa zaren rama, a shafa jan fenti, sannan a ɗaura. Kwana huɗu ya yi a gidanmu. Yana aiki yana magana, ba tare da ya damu ko ana saurare ba. Ya ƙi binne bututu a cikin katangar ƙasa, ya ce in ya fara yoyo ba mai sani sai ranar da katanga ta zauna. Ya ce kada a riƙa matse kan famfo da ƙarfi kamar ana murɗe wuyan kaza, robar ciki ce ke mutuwa. Ya ce tokar wanke-wanke da yashi kada su bi rariya. Ni kuwa ina tsaye da wando da agogo ina gyaɗa kai, rabin abin da yake faɗa na wuce ta bayan kunnena.

Wurin makulli muka fara saɓawa. Makulli shi ne wanda ake rufe ruwan gida gaba ɗaya da shi. Sanda ya so ya sa shi a waje, gaban zaure, cikin ɗan rami mai murfi. Na ce yaran unguwa za su mai da shi abin wasa, su riƙa rufe mana ruwa, a sa shi ciki kusa da famfon. Ya ce, "Malam, makullin ga ba don ranad da kake gida aka sa shi ba. Don ranad da ba ka nan na." Na ce na ji, a dai sa shi ciki. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Gidanku na," ya sa.

Ranar da aka sako ruwa gidan ya cika da mata. Famfon ya yi huci, ya yi tari, ya tofo wani jan ruwa, sannan ya saki fari tas a kan dakalin siminti. Aka yi guɗa. Na juya wajen Inna, da ƙarfi don kowa ya ji, na ce, "Inna, yau na hutad da ke." Ta tara hannu ta kurɓa, ta ɗan yamutsa fuska saboda warin magani, ta ce Allah shi yi albarka. Daga ranar aka raba aiki, famfo na wanki da wanka, rijiya ta sha da girki. Mata ba su rage zuwa ba, sai ma ƙaruwa, don yanzu har da ƙullin wanki suke tahowa. Ruwan da babu wanda ya ja shi da hannu babu mai jin zafinsa. Rariyarmu da ke bushewa kafin azahar ta koma gudu wuni zubur, lungun da ke bayan zaure ya zama kwata, kuma ta wannan lungu liman ke bi zuwa masallaci. Mako biyu yana tattare riga yana tsallakawa. Sai kawai ya sake hanya, ya koma zagayawa ta bakin kasuwa, wannan kuwa ya fi yi wa Baba ciwo da a ce zaginsa ya yi. Da na zo hutu na gaba, ban gama ajiye jaka ba ya ce, "Ruwan ga naka ba shi ƙara hita gidan ga. San yadda za ka yi da shi."

Na sake ɗauko Sanda don ya yi mana sokawe, ramin da ruwan datti zai riƙa shiga ƙasa ta shanye. Ya tuɓe takalmi ya zagaya gidan. Ya leƙa rijiya ya daɗe. Ya tambayi Baba inda tsohuwar salga take, Baba ya nuna masa wani wuri kusa da kusurwar gabas, ya ce an cike ta tun ba a haife ni ba. Sanda ya ce to, ramin sai can baya, bayan rumbu, cikin garka. Sai an rushe gefen garken awaki, sai an aika Sakkwato a ƙaro bututu, aikin kwana goma ne in an yi sauri. Ni kuwa hutuna saura kwana uku, kuma na riga na ce wa Baba ba zan koma ba sai lungu ya bushe. Na nuna masa kusurwar gabas ɗin, fili ne ba komai a wurin, ga shi dab da dakalin famfo. Ya tsaya a bakin rijiya ya taka zuwa wurin yana ƙirgawa a fili. Taku shida.

Ya ce, "Malam, ruwa ƙarƙashin ƙasa tahiya shikai, kamak kihi. Kai bisa kaka gani, ni na san ƙasag ga. Jan dutsen ga na bisa bai kai gaba guda ba, ƙasa nai rairai na. Ga tsohuwas salga tsakani. Wanga rami da rijiyag ga, wata rana sai sun gaisa."

Na ce masa a littafin kiwon lafiya da muke koyarwa an ce ƙasa tana tace ruwa. Har yau in na tuna da wannan magana sai na ji kunya ta kama ni, ɗan shekara ashirin da 'yan kai yana karanta wa ɗan masunta littafi a kan ruwa.

Bai yi musu ba. Ya ce, "Ni dai hannuna ba shi ciki." Ya tattara kayansa cikin buhu. Kafin ya fita ya tsaya daga nesa ya gai da Inna, ya roƙi ruwan rijiya. Ta aiko masa da moɗa cike, ya shanye, ya ce a ƙara masa. Na ɗauka ƙishirwa ce kawai.

Na samo mutum biyu masu haƙar ƙasar gini, cikin kwana biyu suka gama. Muka zuba duwatsu, muka rufe da azara da siminti, muka juyo da rariya ciki, har da ta makewayi. Lungu ya bushe. Liman ya dawo hanyarsa. Baba ya sa mini albarka a gaban mutane, abin da bai saba ba. Shekara guda cur ina ganin na yi daidai, har ina ba da labarin a ɗakin malamai, ina kwaikwayon muryar Sanda da maganar kifinsa ana dariya.

A cikin shekarar nan ne ruwan famfo ya fara wasa, ya zo yau, ya ɗauke kwana uku. A Argungu dabarar da muke yi ita ce mu bar famfo a buɗe, in ruwa ya zo hucinsa ya sanar da mu. Na koya wa Inna wannan dabara da bakina, na ce kada ta riƙa wahalar zuwa tana murɗawa, ta bar shi buɗe kawai. A cikin shekarar ne kuma aka fara satar kan famfo, don na tagulla ne, maƙera na saye. Gidanmu tun da aka gina shi ba a taɓa kulle shi ba, zauren ma asabari ne kawai a bakinsa. Na sa aka yi ƙofar katako da kwaɗo, na sa sakata a 'yar ƙofar gidan Tumba ta cikin gidanmu, na ce duk ranar da za a bar gida ba kowa a rufe duka biyun. Kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan, in ka ɗauke shi shi kaɗai, shawara ce ta mai hankali.

Da kaka ta yi, Baba da ƙannena maza suka tafi Zauro yankan shinkafa, can suke kwana a bukka har a gama bugu. Suna can aka aiko daga Gulma cewa yayan Inna ya rasu. Ta ɗauki ƙanwata suka fita a gigice, amma duk da haka ba ta manta da abin da Malam ya ce ba. Ta sa sakata, ta datse kwaɗo. Famfo kuwa kwana huɗu ke nan ba ruwa, yana buɗe yadda aka saba. Washegari da hantsi aka sako ruwa, kuma wannan karon ba a ɗauke ba.

Gwaggo Tumba ce ta fara ji ta bayan katanga. Ta tura 'yar ƙofa ta ji ta a rufe. Ta sa aka kira mazan unguwa, suka taru a gaban zaure suna kallon kwaɗo. A yau da wani ya kawo guduma an wuce wurin, amma a lokacin ba a fasa kwaɗon mutum ba ya nan, balle gidan da ɗakin matarsa ke ciki. Wani ya ce ai akan sa makulli a waje, suka tona gaban zaure suna nema, babu. Aka tura mutum Zauro, ya tarar su Baba sun haye gulbi zuwa wata gonar, ya dawo. Aka ba wani direban lori saƙo zuwa Argungu, ya manta sai da ya gan ni a bakin tasha. Ranar da na iso da nawa mabuɗin, ruwa ya kwana huɗu yana zuba.

Tsakar gida ta zama tafki. Kaji na bisa rumbu. Murfin sokawe ya nutse ta gefe guda, daga nan kuma ƙasa ta dare, tsaga ta tafi kai tsaye har bakin rijiya, gefen rijiyar na gabas ya rufta ciki, gungumen iccen nan ya karkace. Na leƙa. Ruwan ya hau sama fiye da yadda na taɓa gani, da wata kumfa toka-toka a kansa, warin kuwa ba sai an gaya maka daga ina ya fito ba. Na taka cikin ruwa na je na rufe famfon. Murɗawa biyu na yi ya tsaya.

Inna ta dawo bayan sadakar bakwai. Lokacin ruwan tsakar gida ya janye, mun share, Baba ma ya dawo. Ba ta shiga ɗaki ba. Da mayafinta ta wuce bakin rijiya, ta ɗauki guga ta zura a hankali, ta jawo, ta sunsuna. Ta ɗauke shi ta kai can nesa da darbejiya ta zubar. Baba na tsaye, ni ina tsaye, Tumba na bakin 'yar ƙofa. Inna ta ce, "Ni nib bar shi buɗe." Baba ya ce ƙaddara ce, Allah ya sa iyakarta ke nan. Ni kuwa na yi shiru. Ramin da na haƙa kuskure ne na ƙuruciya da gaggawa, na daɗe da yafe wa kaina shi. Shirun nan ne ban yafe ba.

Sau uku aka kawo masu yasar rijiya. Su kwashe ruwan tas, su fid da laka, su gyara gefen da ya rufta, a jira kwana biyu ruwa ya taru, a jawo, wari na nan. A karo na uku babbansu ya fito yana goge jiki ya ce wa Baba tsohuwar salga ce ta buɗe hanya, kuma hanyar da ruwa ya riga ya sani ba a toshe ta. An cike sokawen an mai da shi bayan rumbu, inda Sanda ya ce tun farko, aikin ya ci kwana goma daidai. Baba ya jira damina guda ko ƙasa za ta wanke kanta. Ba ta wanke ba. Da gefen ya sake zaftarewa, aka ji tsoron kada yaro ya faɗa, sai ya ce a cike ta. Shi ya ɗauki kwandon ƙasa na farko da kansa, ya yi wa mahaifinsa addu'a, ya zuba. Bai taɓa yi mini faɗa a kan maganar ba har ya bar duniya. Sanda ma haka. Na yi ta kauce masa a Argungu, ran nan muka yi kiciɓis a kasuwar kifi. Ya ce, "Malam, rijiyag ga tana nan?" Na ce an cike ta. Ya ce, "Ruwanta na da daɗi," ya juya ya ci gaba da cinikinsa.

Abin da ban lissafa ba sai a hankali ya bayyana. Famfo ya ci gaba da wasansa, wata rana ma sai a yi mako ba a gan shi ba, don haka ba wanda zai dogara da gidanmu. Mata suka koma wata rijiya a unguwar gaba, 'yan mata ke zuwa, matan aure kuma suka koma jiran 'yan garuwa. Da farko sukan leƙo su gai da Inna. Amma gaisuwa sai an nemi izini, sai an faɗi dalili, ɗiban ruwa ne ba ya bukatar ko ɗaya. Tumba ta riƙe zuwa har ƙafa ta gagare ta. 'Yar ƙofar ta kumbura da damina ta daina buɗuwa, da aka zo yaɓen katanga wata shekara sai magini ya shafe ta, ba wanda ya hana shi. Ni kuwa ina can ina maganin abin da na iya gani. Na sayo durom biyu, na sa aka ɗora tanki, na yi magana da mai kawo ruwa kullum. Ruwa bai taɓa yankewa Inna ba ko na wuni ɗaya, kuma hannunta ya yi laushi, kantar duk ta baje.

Yanzu a Badariya duk mai hali yana da burtsatse, masu neman lada kuma sukan fito da famfo biyu ko uku ta jikin katanga, a waje. Mutane su zo da jarkoki su tara su tafi, shekara goma ba su san fuskar matar gidan ba, ita ma ba ta san tasu ba. Ba na cewa laifi ne. Ruwan ya fi tsabta, ba mai faɗawa ciki, ba mai ciwon kafaɗa. Nawa ma haka suke, a waje, don 'ya'yana sun ce ba za a mai da musu gida kasuwa ba, ni kuma na gaji da gardama a kan ruwa.

Wani hutu, shekaru kaɗan bayan an cike rijiyar, na iso gida da hantsi. Baba na gona. Na yi sallama na shiga, na tarar da Inna kan tabarmarta a gindin darbejiya da faifai a cinya, tana fuskantar wurin nan da ya zama fili, ƙasarsa ta ɗan fi ta kewaye ja. Gidan tsit, sai ɗigon famfo a cikin bokiti, don robar ta mutu. Na durƙusa muka gaisa. Na duba durom na ga a cike, na duba tanki, sannan na dawo na tambaye ta ko ruwa na isarta.

Ta ce, "Akwai ruwa, Malam. Ka hutad da ni ƙwarai." Ta tsince wata tsakuwa ta jefar. "Tun ran Jumma'a, kai na hwarkon wanda yay yi man sallama."

Ranar Laraba ce. Na zauna a ƙasa, gefen tabarmar, da wandon aikina. Na ce mata ni na ce a bar famfo buɗe, ni na sa makulli ciki, ni na sa kwaɗo, ni na haƙa rami inda aka ce kada a haƙa, kuma ranar da ta ce ita ce, ina tsaye na yi shiru.

Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Na sani tun ranan nan. Rijiyab babanai ta. In ni ta, shina iya haƙuri. In kai na, kullum yag gane ka sai shi tuna." Ta bushe ƙaiƙayi daga faifan, ta matsa ta ba ni wuri a kan tabarma. "Taso daƙ ƙasa. Hutun ga naka kwana nawa na?"

Na ce saura kwana uku.

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.